RANDAR IYA DA TARIHIN DA MUKE TAKAWA

Ya kai mai karatu, yau ba labarin masoya na zo maka da shi ba, labarin tukunya ne. Kada ka yi saurin yatsina fuska, domin kuwa masu iya magana sun ce baƙar tukunya ita ke fidda farin tuwo.

Abin da ya tayar mini da wannan magana shi ne wata ziyara da na kai gida da rani, wato ƙauyenmu da ke ƙasar Rimin Gado, yamma da birnin Kano in ka miƙi hanyar Gwarzo. Ina zaune a zaure sai na ji hayaniya daga bayan gari. Ashe samari ne masu haƙar ƙasar bulo a kududdufi suka ci karo da wata tukunya a binne, bakinta a rufe da wani kasko. Kafin in isa wurin har wani ya ɗaga diga ya sauke mata, saboda kowa ya ƙosa ya ga zinariya. Abin da ya zubo bai wuce wuri ba, ya yi fari fat ya ruɓe, haɗe da ƙasa. Aka yi tsaki, aka yi dariya, kowa ya koma bakin aikinsa.

Ni kuwa sai na tsuguna na ɗauki wani tsingaro daga wuyanta. A bayansa akwai zane irin wanda ake yi da murɗaɗɗiyar igiya, a cikinsa kuma akwai shatin babban yatsa, inda maginin ya danna yumɓu tun yana ɗanye. Na ɗora nawa yatsan a kai, ya zauna daram. Nan take jikina ya yi sanyi. Mutumin da ya yi wannan aiki ya daɗe da zama ƙasa, babu mai tuna sunansa, amma ga hannunsa a cikin nawa. Samarin nan sun fasa abin da ya fi wurin daraja, suka tafi suna cewa ba su sami komai ba.

RANDAR IYA

Na tashi a hannun kakata, wadda duk gidan ke kira Iya. A kusurwar ɗakinta akwai wata randa ja, mai ƙyalƙyali in haske ya taɓa ta, an girke ta a kan jiƙaƙƙen yashi, an rufe da faifai, moɗa na kife a kai. Da ita aka kawo Iya gidan miji. Ruwan randar nan ko a tsakiyar bazara sanyi ƙarara yake, ga wani ƙamshin ƙasa da har yau ban ji irinsa a ruwan firji ba. Da azumi kuwa maƙwabta har aiko yara suke yi a sam musu na buɗa baki.

Randar tana da dokoki. Ba a barin ta a buɗe bayan magariba. Ba a tsoma mata hannun hagu. Ba a leƙa ta da dare. In na yi gardama sai Iya ta ce, "Kai maigidan, ka kiyaye ni. Mutanen ɓoye ma ƙishirwa suke ji, in ka bar musu a buɗe su riga ka sha." Sai da na girma na shiga makarantar ilimi na tarar ashe rufe ƙwarya da tulu da dare umarni ne da ya zo a hadisi. Da na yi boko kuma na gane dalilin sanyin ruwan. Jikin randa yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ruwa na tsattsafowa ta nan, iska ta busar da shi, busarwar kuma ta tafi da zafin da ke ciki. Shi ya sa randa ta fi aiki a busasshiyar ƙasa irin tamu. Iya ba ta san wannan bayani ba, amma ta san ba a girke randa inda iska ba ta ratsawa.

YADDA AKE GININTA

A ƙarshen unguwarmu akwai wani dattijo da muke kira Baba mai tukwane. A wurare da yawa mata ne ke wannan sana'a, amma a ƙasar Kano ba baƙon abu ba ne ka ga namiji yana ginin tukwane. Mukan je mu zauna muna kallonsa har sai an aiko kiranmu.

Daga fadama yake ɗebo yumɓu a kan jaki. Ya shanya, ya daka, ya tsince tsakuwa, ya jiƙa ya kwana. Sannan ya daka tsofaffin tsingaro su yi gari ya zuba a ciki, ya yi ta takawa da ƙafa har ya yi laushi. Na taɓa tambayarsa, "Baba, me ya sa kake zuba tsohuwa a cikin sabuwa?" Sai ya ce, "Yaro, wadda ta taɓa shiga wuta ita ke koya wa 'yar'uwarta haƙuri." Gaskiyarsa kuwa, domin garin tsingaro shi ke hana yumɓu tsukewa da yawa ya tsage wajen bushewa da gashi.

Ba shi da injin juyawa. Sai ya kife wata tsohuwar tukunya, ya barbaɗa mata toka don kada ya manne, ya shimfiɗa yumɓun a kanta yana bubbugawa har ya ɗauki siffarta. In ya ɗan sha iska ya cire, ya juyo da shi, ya ci gaba da ɗora yumɓu yana jan kafaɗa da wuya, hannu ɗaya na tokare daga ciki, ɗaya na bugu daga waje. Da jiƙaƙƙen tsumma yake gyara baki. Daga nan sai ado: ya gangara igiya a kafaɗarta, ya shafa jar ƙasa ko ƙasa mai ƙyalƙyali, ya goge da santsin dutse.

Ranar gashi ita ce ranar fargaba. A fili ake jera tukwane, a lulluɓe su da karan dawa da busasshen kashin shanu da ƙaiƙayi, a cinna wuta da yamma. Baba ba ya yarda a ƙirga tukwane kafin a gasa su, ba ya son a yaba su, ba ya son baƙo ya tsaya a kansa, wai saboda kambun baka. In ya je sabon ramin yumɓu kuma sai ya yi sadaka kafin ya sa fartanya, domin a cewarsa kowace fadama da masu ita. Mai karatu na iya cewa camfi ne, kuma ba zan yi musu ba. To amma ka tuna aikin wata guda ne ake miƙa wa wuta a dare ɗaya. Ɗan danshi kaɗan da ya saura a jikin tukunya, ko iska ta juya, ya isa ka ji fas, fas, kamar ana harbi. Duk sana'ar da asararta ke zuwa farat ɗaya haka, za ka same ta kewaye da sharuɗɗa.

KOWACE DA SUNANTA

Turawa suna da tukunyar da aikinta kawai a zuba mata fure a ajiye a falo. Bahaushe bai gina tukunya don kallo kaɗai ba, sai dai ya yi wa ta aiki ado. Tulu na zuwa rijiya, randa na zaune a ɗaka, kula mai siririn wuya ta maigida ce. Akwai tukunyar tuwo, akwai talle na miya, akwai kwatarniya ta wanka da wanki. Tanda ta waina ce, kasko na suya ne ko na turaren wuta ko na jin ɗumi da hunturu. Shantali na alwala, lofe na masu shan taba, asusu na tara kuɗi, indararo kuma na zubar da ruwan soro. Ka tambayi ɗan sakandare a yau ya kawo maka biyar daga cikin waɗannan ka sha mamaki. In abu ya bar gida, sunansa ma bin sa yake yi.

Tukunya tana cikin harshenmu ma. In mace ta yi ɓari ko jariri ya koma, tsofaffi kan yi mata jaje da cewa in ruwa ya zube ya bar tulu, ya yi kyau. A wasan kacici-kacici in aka ce uku-uku ta gama gari, kowane yaro ya san murhu ake nufi, wato mazaunin tukunya.

Akwai kuma tatsuniyar da Iya ta fi son yi mana. Wai Gizo ya ari babbar tukunya wurin wani maƙwabcinsa marowaci. Da zai mayar sai ya saka ƙaramin talle a ciki, ya ce ai tukunyar ce ta haihu a gidansa. Marowaci ya karɓe yana murna, bai ce uffan ba. Bayan kwana biyu Gizo ya sake zuwa aro, aka ba shi wadda ta fi kowace girma, har da addu'ar Allah ya sauke ta lafiya. Shiru, shiru, ba a ga Gizo ba. Da mai tukunya ya bi sawu sai ya tarar da shi ya yi tagumi, ya ce ai tukunya ta rasu wajen haihuwa. Mutumin ya daka tsalle ya ce yaushe tukunya ke mutuwa? Gizo ya ce tun ranar da ta fara haihuwa. Daga baya na tarar Larabawa na ba da irin wannan labari a kan Juha, Turkawa kuma a kan Nasruddin Hoja. Ka ga ke nan ba gishiri da tufafi kaɗai fatake ke ratsa Sahara da su ba.

TUKUNYAR DA KE TAFIYA A ƘARƘASHIN ƘASA

Mu koma kan tukunyar da samari suka fasa. Babu ƙauyen da ba a ba da labarin tukunyar dukiya. Ana cewa in ta daɗe a binne aljanu ke gadinta, tana tafiya a ƙarƙashin ƙasa, in ba rabonka ba ce ko ka buɗe sai ka ga gawayi ko tururuwa. Ana kuma tsoron ta kafi, wadda ake binnewa da layu a ƙofar gida ko ƙofar gari don tsari, shi ya sa tsofaffi ba sa son a taɓa duk tukunyar da aka tono.

A bayan wannan almara akwai tarihi na zahiri. Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, wanda ya yi mulki daga 1703 zuwa 1731, wuri ya fara shigowa ƙasar Hausa. Da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, ya tarar ana canza dalar azurfa ɗaya a kan wuri 2,500. Keso ɗaya kuwa wuri 20,000 ne. Kuɗi ne mai nauyi da cin wuri, ba ya shiga aljihu, ba a gudu da shi. Ga shi ƙarni na 19 bai zo wa talakan ƙauye da kwanciyar hankali ba: Maraɗawa na kawo hari ta yamma da arewa, Ningawa ta kudu, sannan ga Yaƙin Basasa tsakanin Tukurawa da Yusufawa daga 1893 zuwa 1895. In an ji kururuwa, abin da magidanci zai yi shi ne ya cika tukunya ya binne, ya kwashi iyali ya nufi gari mai ganuwa. Wani ya dawo ya tono abarsa, wani bai dawo ba. Wanda ya dawo a makare ma ya yi asara, domin bayan Turawa sun ci Kano a 1903 kuɗinsu na ƙarfe ya ture wuri sannu a hankali. Dukiyar da ta koma gawayi ke nan. Tatsuniyar ba ta yi ƙarya ba, ta dai sauya wa maganar riga.

Shekarun yumɓu kuwa sun wuce nan nesa. A Ounjougou ta ƙasar Mali an tono tsingaron da ya haura shekara 11,000, yana cikin mafi tsufa a Afirka. A kudancin Jihar Kaduna ta yau, masu haƙar kuza a ƙauyen Nok sun tono wani mutum-mutumin gasasshen yumɓu a 1928, kuma bincike ya nuna irin waɗannan sun haura shekara 2,500. Ɗaya daga cikin kawunan da suka fi shahara ma a gona aka kafa shi yana korar tsuntsaye, kafin ya kai hannun Bernard Fagg. A nan gida, a gindin Dutsen Dala, an gano wurin narkar da tama da aka ƙiyasta tun ƙarni na 7 Miladiyya, wato shekaru ɗaruruwa kafin zuwan Bagauda. Tama kuwa ba ta narkewa sai da matoya da bututun yumɓu, saboda haka wanda ya san wuta da yumɓu yana nan tun kafin a yi sarki.

Abin da ya sa masu binciken tarihin ƙarƙashin ƙasa ke ɗaukar tsingaro kamar zinariya shi ne, tufafi na ruɓewa, ƙwarya na ruɓewa, takarda gara na cinye ta, amma gasasshen yumɓu yana nan. Daga siffar baki da irin zane da zurfin inda aka same shi suna gane su wa suka zauna a wuri, da wa suka yi cinikayya, me suka dafa. Sarakuna suna da marubuta da maroƙa. Talakan Rimin Gado da Tofa da Kabo ba shi da littafin da ya wuce abin da ya fasa ya zubar a juji.

YADDA ROBA TA CI GARI

Ba rana ɗaya tukunya ta faɗi ba. Da farko kwanukan tasa da langa suka shigo, jeren amarya ya koma na kwano. Sai tukunyar dalma ta karɓe murhu, domin ba ta fashewa kuma tana saurin tafasa. Sai masana'antun roba na Bompai da Sharaɗa da Challawa suka cika kasuwannin ƙauye da bokiti da buta da jarka. A ƙarshe ruwan leda ya zo. Ba zan zargi kowa ba. Yarinyar da ta taɓa faɗuwa da tulu a hanyar rijiya ta sha duka a gida, ita ta san darajar jarka. Ni kaina ina cikin masu laifi, domin da na fara ɗaukar albashi babbar robar ruwa mai murfi na saya wa Iya, ina ganin na yi abin kai. Ta yi godiya, ta sa albarka, ta zuba gero a ciki, ta ci gaba da shan ruwan randarta.

Baba mai tukwane ya rasu ba tare da ko ɗaya daga cikin 'ya'yansa ya gaje shi ba. Suna ganin sana'ar ƙasƙanci ce, sun tafi birni. Abin takaicin shi ne, a daidai lokacin da muke raina ta wasu ke ɗaukaka da ita. Ladi Kwali, Bagwariya daga garin Kwali, da hannu ta koyi gini irin na gargajiya. Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya tara tukwanenta a fadarsa, a nan Baturen nan Michael Cardew ya gan su, ta shiga makarantarsa ta ginin tukwane a Abuja, wato Suleja ta yanzu, a 1954. Ta zaga Ingila da Amurka tana nuna gwanintarta, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984. Hotonta ne a bayan takardar naira ashirin, tana durƙushe a kan tukunya.

Ga kuma Malam Muhammad Bah Abba, malamin makaranta daga Jihar Jigawa wanda ya fito daga gidan magina. Ya ɗauki ƙaramar tukunya ya saka a cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Kayan lambun da ke lalacewa cikin kwana uku sai ga shi suna yin makonni. A shekarar 2000 kamfanin Rolex ya ba shi lambar yabo ta duniya a kan wannan. Da na ji labarin sai na tuna yashin da ke ƙarƙashin randar Iya. Har yau kuma in ka je Mirriya kusa da Damagaram, ko Jiratawa kusa da Maraɗi, za ka tarar sana'ar na ciyar da gidaje.

DAGA FARKO HAR ƘARSHE

Ranar da aka haife ni, a cikin kasko aka binne mabiyiyata a bayan ɗaki, kuma a babbar tukunyar ƙasa aka yi ta dafa wa mahaifiyata ruwan wankan jego har kwana arba'in. Haka aka yi wa kusan duk sa'o'ina. A ɗaya ƙarshen kuma, duk wanda ya taɓa raka gawa maƙabarta a Kano ya san da tukwane ake rufe ƙaramin ramin kabari kafin a tura ƙasa. Alƙur'ani ma, a Suratur Rahman, da busasshen yumɓu irin na maginin tukwane ya kwatanta asalin halittar mutum.

Iya ta rasu da damina, da hantsi. Aka haƙa kabari, aka nemi tukwanen rufi aka rasa isassu, tunda babu mai gini a garin, zuwa kasuwa kuma zai ja lokaci. Sai baffana ya shiga ɗakinta ya juye ruwan randar nan a tsakar gida, ya fito da ita. Ina tsaye aka raba ta biyu. Randar da ta rako ta gidan miji ita ta raka ta gidanta na gaskiya. Allah ya jiƙan Iya, ya jiƙan namu da naku baki ɗaya.

Roƙona ga mai karatu guda uku ne. In ka ga an tono tukunya a gona ko a wurin gini, ka hana a fasa, a bar ta inda take, a sanar da dagaci, a kai labari gidan tarihi irin Gidan Makama. In akwai tsoho ko tsohuwa mai gini a garinku, ka je ka zauna da su da biro da takarda, ka rubuta sunayen kayan aikinsu da labaransu tun suna raye. Marubutanmu na ƙagaggun labarai kuma, da ke cika mana littafi da falo da firji, su riƙa tunawa da kusurwar da randa take. Na uku, in ka ga masu tukwane a bakin hanya ka tsaya ka sayi ko da kula ɗaya ce, domin yabo ba ya sa ɗan magini ya zauna a gida.

Tsingaron nan yana kan teburina yanzu haka. 'Yata ƙarama ta tambaye ni ko mene ne, na ce mata ta kawo yatsanta. Nata bai cika shatin ba tukuna.